Rabin Maki da Murfin Kwalba

Ranar wata Asabar da ƙarfe sha ɗaya na safe, mutum goma sha shida suka shiga wani aji da muka aro a wata makarantar unguwa, suka zauna biyu-biyu suna fuskantar juna, aka gaisa, daga nan ɗakin ya yi tsit kamar ruwa ya ci makaɗi. Mai gadin makarantar ya leƙo sau uku. A na ukun ya ja ni gefe ya ce, "Malam, lafiya kuwa? Rasuwa aka yi?" Na ce a'a Baba, gasa ake yi. Ya ce ta mece ce? Na ce ta ces, ƙungiyarmu ce ke karawa da ta wancan gefen gari. Ya sake duban ɗakin da kyau, ya ga wannan ya yi tagumi, wancan ya dafe kai da hannu bibbiyu, sannan ya ce, "To yaushe za a fara?" A lokacin an shafe awa biyu ana gwabzawa, har wani ya rasa sarauniyarsa.

Tambayar mai gadin tana bisa hanya, kuma ta cancanci cikakkiyar amsa. Ni ne sakataren ƙungiyarmu, a hannuna alli yake zama a irin wannan rana, saboda haka zan bayyana yadda abin yake daki-daki, domin duk wanda ya sake leƙo mu ya san an fara tuntuni.

Yadda wasan mutum biyu ke zama na ƙungiya

Ces shi ne wasan da littattafan malamai ke kira shaɗaranji. Daga Indiya ya taso wajen ƙarni na 6, ya bi ta Farisa, Larabawa suka ɗauke shi suka kai shi har Andalus. Ya iso Barno ma tun da daɗewa, inda ake kiransa tsatsarandi, sarkin allo shi ne mai, na kusa da shi ciroma, na ƙurya kuma kaigama. Allon gida 64 ne, fari da baƙi, kowane ɓangare yana da 'ya'ya 16: sarki, sarauniya, hasumiya biyu, giwa biyu, doki biyu, sai sojoji takwas a sahun gaba. Wanda ya ritsa sarkin abokin karawarsa, ya hana shi mafita, shi ya ci.

Wasa ne na mutum biyu, ba ya karɓar na uku. Don haka idan ƙungiya biyu za su kara, alluna ake jerawa, kowane ɗan wasa da nasa abokin karawar. Wanda ya ci yana da maki ɗaya, wanda aka cinye ba shi da komai, idan aka yi kunnen doki kowa ya ɗauki rabin maki. A ƙarshe a tara. A gasar ƙasashe ta duniya, wadda aka fara a Landan a 1927, kowace ƙasa da alluna huɗu take fitowa. Mu takwas muke yi, domin yawan teburan da ba sa rawa a ajin ke nan. Ƙungiyar da ta kai maki huɗu da rabi ta yi nasara, tunda abin da ya rage wa ɗayar uku da rabi ne.

A ƙwallon ƙafa, idan ɗan baya ya yi kuskure, mai tsaron gida yana iya rufa masa asiri. A nan ba mai rufa wa wani asiri. Mutum takwas za su zo a mota ɗaya, su ci waina a faranti ɗaya, amma da zarar an danna agogo kowa ya faɗa rijiyarsa shi kaɗai. Abokinka yana zaune taku biyu daga inda kake, kana ganin ramin da ya nufa, ba ka da ikon ko ɗaga masa gira. Duk da haka makinsa naka ne, naka kuma nasa ne, a jaka ɗaya za a zuba su.

Jerin alluna

Kafin a zauna, kyaftin ɗin kowace ƙungiya zai rubuta sunayen mutanensa daga na ɗaya zuwa na takwas bisa ƙarfinsu, ya miƙa wa takwaransa. Gwanin gwanaye a allo na ɗaya, haka a bi har ƙasa. Da babu wannan ƙa'ida, kyaftin mai wayo zai tura mafi raunin mutanensa ya je gwaninsu ya cinye, sannan ya sauko da sauran kowa mataki ɗaya ya samu mai sauƙi. A manyan gasanni akwai ma'auni, wato lissafin da Arpad Elo, malamin kimiyya ɗan asalin Hangari, ya ƙirƙiro, hukumar ces ta duniya FIDE ta karɓe shi a 1970. A wannan lissafi, wanda lambarsa ta fi taka da 200 ana sa ran zai kwashe kusan kashi uku cikin huɗu na makin idan kuka yi ta bugawa.

A ƙungiyar unguwa, inda rabin 'yan wasa ba su da wannan lamba, ma'aunin yana zuciyar kyaftin, kuma shi ne aikinsa mafi wuya. Gaya wa magidanci mai 'ya'ya tara cewa shi ne na bakwai, ɗalibar jami'a sa'ar 'yarsa kuma ita ce ta uku, sai an yi masa shiri na kwana biyu. Kyaftin ɗinmu yakan je har gida bayan Isha'i, a gaisa, a tambayi iyali, a taɓa maganar tsadar taki, sannan ya ce, "Alhaji, allo na bakwai yana neman mutum mai natsuwa." Gaskiya kuma yake faɗa. Shekaruna da yawa ina riƙe da alli, ban taɓa rubuta babban ɗaya ga allon farko in rubuta ƙarami ga na bakwai ba.

Daga nan sai ƙuri'a. Kyaftin ɗaya ya ɓoye farin soja a hannu guda, baƙi a ɗayan, takwaransa ya zaɓa. Mai fari ne ke fara tafiya, kuma akwai 'yar riba a cikin haka, shi ya sa ake raba launin bi da bi. Ran nan baƙinmu suka samu fari a alluna na ɗaya, na uku, na biyar da na bakwai, mu muka samu a na biyu, na huɗu, na shida da na takwas.

Kayan wasa ma wannan jerin suke bi. Na katako masu nauyi a hannu, allo na ɗaya ake kai wa. Na roba masu naɗewa kamar tabarma, a raba wa na tsakiya. Allo na takwas kuwa yakan samu waɗanda ke cikin tsohuwar jakar leda, waɗanda baƙar hasumiyarsu ɗaya ta ɓace tun shekara biyu da suka wuce. Murfin kwalbar lemo ne ke riƙe da muƙaminta. Wannan ba abin da ake yi a ɓoye ba ne. Kyaftin biyun suka tsaya a gaban alƙalin wasa, wani dattijo da ba ya cikin kowace ƙungiya, suka amince, ni kuma na rubuta a ƙasan takardar sakamako: "An yarda murfin kwalba hasumiya ce." Daga wannan lokaci murfin ya samu duk haƙƙin hasumiya. Yana tafiya gaba da baya, dama da hagu, yana kisa, ana kashe shi.

A wannan allo na takwas, namu wani tsohon shugaban makarantar firamare ne mai ritaya, ya haura saba'in, muna kiransa Baba Hedimasta, bai taɓa fashin zaman koyo ba ko ana ruwa. Nasu kuma yaro ne ɗan shekara goma sha biyu, ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa daga kan kujera. Irin yaran nan ne da suka ƙaru a ƙungiyoyi tun bayan da Tunde Onakoya ya zauna a dandalin Times Square na birnin New York a watan Afrilun 2024 ya buga ces awa 60 a jere.

Yadda ake goyon baya

Wanda ya tashi yana kallon dara a gindin bishiya, gurbi talatin a ƙasa, kowa da karansa goma sha biyu, ya san rabin daɗinta bakin 'yan kallo ne. Wannan ya ce "Kashe nan!", wancan ya ce "Ka mutu, wallahi ka mutu!", wani ma ya miƙa hannu ya tura maka karan da kansa. A gasar ces duk wannan haramun ne. Ɗan wasa ba ya karɓar shawara daga kowa, ɗan kallon da ya yi magana a kan wasa kuma waje ake raka shi.

Saboda haka goyon baya yana da nasa ladabin. Za ka taka a hankali ka tsaya a bayan mutuminka, ka goya hannuwanka a baya, ka dubi allon, ka bar fuskarka yadda take, sannan ka wuce. Ajiyar zuciya shawara ce. Girgiza kai shawara ce. Tsaki kuwa shawara ce da sharhi. Muna da wani masoyi na haƙiƙa, bai taɓa barin mu je ko'ina mu kaɗai ba, amma Allah ya yi shi da fuskar da ba ta riƙe sirri. Shi muka ɗora wa kula da ruwan sha da takalma a bakin ƙofa, daga can yake goyon bayanmu, kuma muna jin goyon bayan nasa.

Babbar abokiyar gabar wannan shiru ita ce waya. Dokar FIDE ta hana ɗan wasa riƙe ta a jikinsa, idan ta yi ƙara kuma wasansa ya ƙare, an cinye shi. A 2003, a gasar ƙungiyoyin ƙasashen Turai da aka yi a Plovdiv ta Bulgeriya, wayar Ruslan Ponomariov na Yukiren ta yi ƙara ana tsakiyar wasa. A lokacin shi ne zakaran duniya na FIDE, ranar kuma ta zo daidai da zagayowar haihuwarsa. Alƙali ya rubuta masa sifiri. Tunda doka ba ta ɗaga wa zakaran duniya ƙafa ba, mu ma muka ajiye kwano a bakin ƙofa, kowa ya jefa wayarsa kafin ya shiga.

Mutuminmu na allo na biyar, bakanike ne mai hannu da kai, ya jefa babbar wayarsa a kwano. Ƙaramar mai tocila ce ya manta a aljihun wando. Da sha biyu da rabi, yana gaba da doki guda cur, ta ɗauki kiɗa. Kai goma sha biyar suka ɗago a lokaci ɗaya. Bai yi gardama ba. Ya miƙa wa abokin karawarsa hannu, ya sa hannu a takarda, ya fita. Daga baranda muka jiyo shi ƙasa-ƙasa yana cewa, "Eh, a haɗa da attaruhu." Na ɗauki alli na rubuta makin farko na ranar a gefen baƙi.

Agogo da alƙalami

A gefen kowane allo akwai agogo mai fuska biyu. Idan ka yi tafiyarka ka danna, naka ya tsaya, na abokin karawarka ya tashi. Wanda lokacinsa ya ƙare an cinye shi, ko da saura ƙiris ya ritsa sarki, muddin ɗayan yana da abin da zai iya ritsa sarki da shi. Kafin zuwan agogo, mutum kan zauna a kan tafiya ɗaya na awanni har abokin karawarsa ya gaji. A gasar Landan ta 1883 aka fara amfani da agogon mai fuska biyu. Na zamani mai batir yana ƙara wa mutum 'yan daƙiƙoƙi bayan kowace tafiya, dabarar da Bobby Fischer na Amurka ya yi wa rajista a ƙarshen shekarun 1980. Mu minti 90 muke ba kowa, da ƙarin daƙiƙa 30 a kowace tafiya.

Kowane ɗan wasa kuma dole ya rubuta tafiyarsa da ta abokin karawarsa. Layukan tsaye suna da haruffa daga a zuwa h, na kwance suna da lambobi daga 1 zuwa 8, don haka kowane gida yana da adireshinsa. Takardar nan ita ce shaida idan gardama ta tashi. Ita ce kuma ke nuna halin da mutum yake ciki, domin rubutun tafiya ta biyar yakan fito kamar na malamin allo, na tafiya ta arba'in kuma kamar kaza ta bi ta kan tawada.

Da aka kira Azahar, alƙali ya tsayar da agoguna kamar yadda aka shirya tun farko, aka fito, aka kulle ajin, makulli ya shiga aljihun mai gadi. Sharaɗin ɗaya ne: ba mai yin maganar wasa. Mutum biyu da suka shafe awa uku kowa yana neman wuyan sarkin ɗan'uwansa suka miƙa wa juna buta, suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a sahu ɗaya, kowa yana iya ƙoƙarinsa ya bar dokinsa a bakin ƙofa tare da takalminsa. Waɗanda ba sa salla suka zauna a inuwar darbejiya, su ma a kan sharaɗin. An yi hira a kan zafi, da man fetur, da farashin tumatir, sannan aka koma.

Abin da hannu ya taɓa

Magana zarar bunu ce, haka ma tafiya a ces. Idan ka taɓa ɗanka da niyya, dole ka tafi da shi in yana da wurin zuwa. Idan ka taɓa na abokin karawarka, dole ka kashe shi in kana da halin yin haka. Idan ka sake shi a wani gida, ya zauna ke nan. Wanda yake son ya daidaita ɗan da ya karkace sai ya fara sanarwa. A duniya da Faransanci ake faɗa, j'adoube, mu kuma mun yarda da "ina gyarawa", matuƙar bakin ya riga hannun.

Babu labarin da ya fi nuna ƙarfin wannan ƙa'ida kamar karawar da aka yi tsakanin ƙungiyar Landan da ta Edinbura da ke Sukotland daga 1824 zuwa 1828. Ƙungiyar Edinbura shekararta biyu kacal da kafuwa, ta Landan kuwa cike take da gwanaye. Ta wasiƙa aka buga, keken doki ke ɗaukar kowace tafiya tsawon mil wajen 400, ta yi kimanin kwana uku a hanya, kwamiti ya zauna a kanta, sannan a mayar da amsa. Kofin azurfa aka sa a tsakani. A wasa na biyu, mutanen Landan suka rubuta tafiyarsu suka kai gidan waya, suka dawo suka sake duban allo, sai suka ga sun yi garaje. Suka koma da sauri a ba su wasiƙarsu, gidan waya ya ce abin da ya shiga akwati ba ya fita. Suka aika wa Edinbura takarda ta biyu cewa sun janye, Edinbura ta ce bakin alƙalami ya bushe. Landan ta faɗi a wannan wasa. Bayan shekara huɗu da wasanni biyar, Edinbura ta ci biyu, Landan ta ci ɗaya, biyu suka tashi kunnen doki. Salon buɗe wasan da Landan ta fara fitowa da shi, Edinbura ta ara ta doke ta da shi, har yau kuma da sunan Sukotland duniya ke kiransa. Dara ta ci gida.

Duk sabon ɗan wasan da ya shigo ƙungiyarmu ina ba shi wannan labari, sannan in ba shi shawarar da tsofaffin 'yan wasa ke bayarwa: ya zauna a kan hannuwansa har sai kansa ya gama.

Rabin maki

Wanda bai saba ba yana raina rabin maki. Mu da muke tarawa mun san darajarsa, domin rabi uku sun fi nasara guda. Ana samunsa ta hanyoyi da yawa. Mutum biyun na iya yarda a tsakaninsu, wanda ke nema ya yi tafiyarsa, ya yi tayin da baki, sannan ya danna agogo. Idan tsari ɗaya ya maimaitu a allo sau uku, ana iya neman kunnen doki. Haka idan kowa ya yi tafiya 50 ba a kashe komai ba kuma ba a motsa soja ba. Haka idan 'ya'yan da suka rage ba za su iya ritsa sarki ba. A Belgired a 1989, wasu 'yan wasa biyu sun yi tafiya 269 cikin fiye da awa 20, kowa ya tashi da rabi.

Hanya ta ƙarshe ita ce mai ɗaci. Idan tafiyarka ce, sarkinka ba a yi masa barazana ba, amma duk gidan da zai taka akwai mai jiransa, kuma ba ka da wani ɗa da zai iya motsi, to wasa ya tsaya, kunnen doki ne. A tsohon shaɗaranjin Larabawa wanda ya yi matsin shi ke ci. A dokar yau, ko kana da sarauniya uku shi kuma sarkinsa tsirara, rabi da rabi za ku raba.

A gasar ƙungiya, ɗan wasa ba shi kaɗai ke da rabin makinsa ba. A tsarinmu yana iya zuwa wajen kyaftin, a gaban alƙali, ya ce an yi masa tayi. Kyaftin zai dubi lissafin da ke bango ya ce "karɓa" ko "ci gaba", ba shi da izinin ƙara ko kalma a kan abin da ke allo. Da wannan kalma ɗaya yake tafiyar da mutum takwas.

Bayan Azahar lissafin ya riƙa cika. Allo na biyu aka cinye mu. Ɗalibar nan ta allo na uku ta ci, cikin tafiya 31, ta tattara alƙalaminta ba tare da ta ɗago kai ba. Telanmu na allo na shida ya ci. Na ɗaya da na huɗu suka tashi kunnen doki. Alhaji na allo na bakwai, mai natsuwa, ya riƙe wasan da ya karkace har ya fito da rabi. Na tara gefenmu, uku da rabi. Na tara gefensu, uku da rabi. Na sake tarawa da yatsu, haka dai.

Allo na takwas

Mutum goma sha huɗu da suka gama nasu suka taru a kan tebur na ƙarshe, wanda tun safe ba wanda ya leƙa. Gwanayen allo na ɗaya, waɗanda suka san buɗewa har tafiya ashirin da ka, suka tsaya cirko-cirko a bayan dattijo da yaro, hannuwa a baya. An ɗauke wuta, fanka ta tsaya, ba a jin komai sai ƙarar danna agogo da numfashin mai kula da takalma daga bakin ƙofa.

Baba Hedimasta yana da sarauniya da sojoji biyu. Yaron bai da komai sai sarkinsa, da ya lafe a ƙuryar h8, da murfin kwalba. Duk wanda ke ɗakin ya san wasan na Baba ne, saura haƙuri kawai. Yaron ya daina kaɗa ƙafa. Ya ɗauki murfin ya ja shi a kwance ya ajiye a g6, daidai layin sarkin Baba, kuma daidai bakin sarauniyarsa. Kyauta ce a fili, ba mai kare ta.

Da Baba ya kawar da sarkinsa gefe, wasan yana nan a hannunsa. Idan kuwa sarauniya ta ci murfin ta zauna a g6, za ta toshe gidaje ukun da ke kewaye da sarkin yaron ba tare da ta yi wa shi kansa barazana ba, yaron kuma ba shi da sauran abin motsawa. Mutum goma sha huɗu sun gani. Bakwai suna addu'ar ya ci, bakwai suna addu'ar kada ya ci, fuskokin kuma duk iri ɗaya. Ni ma na gani, allin da ke hannuna ya karye biyu.

Baba ya miƙa hannu ya ɗora yatsa a kan murfin. A nan ya gani. Na ga lokacin da ya gani, domin yatsan ya tsaya cak, gumi ya tsattsafo a ƙasan hularsa. Ya yi kusan minti biyu a haka. Ba wanda zai ce masa uffan da ya ce gyarawa yake yi, dattijo ne, murfin kuma dama a karkace yake zama. Sai ya ɗaga murfin, ya ajiye shi a gefen allo, ya kawo sarauniyarsa g6, ya tsayar da agogo, ya miƙa wa yaron hannu. Na rubuta rabi da rabi. Huɗu da huɗu.

Bayan an tashi

Shirun awa biyar ya fashe a lokaci ɗaya. Wannan sashe ana kiransa bita, kuma yana da muhimmanci kamar wasan kansa. Kowa ya mayar da 'ya'yansa allo yana nuna inda ya kusa ci. A bita ake gano cewa dukkan mutum goma sha shidan suna kan hanyar nasara har zuwa wata tafiya guda, kuma idan ka duba da kyau za ka tarar yawancinsu gaskiya suke faɗa.

Yaron ya sauko daga kujera ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yi haƙuri." Baba ya ce, "Haƙurin me, ɗana? Tashi. Tun yaushe ka hango?" Ya ce tun tafiya shida baya. Baba ya gyara tabarau, ya mayar da murfin gidansa, ya ce, "To nuna mini daga farko." Bakaniken allo na biyar ya matso ya ce, "Baba, ni maki guda na zubar, kai rabi ka kawo mana." Gwaninmu na allo na ɗaya ya ce shi ma da ya ƙi tayin da aka yi masa, da wataƙila wani labarin ake yi. Kafin a gama, mutum shida sun ce rabin makin da ya ɓace a wurinsu ya ɓace.

Saboda wannan nake aro aji, nake wanke kwanon waya, nake sayen alli da kuɗina. Ban san wani wuri a garin nan ba da dattijo ɗan saba'in zai zauna da yaro ɗan sha biyu a kan doka ɗaya, ya riƙe gaskiya a lokacin da ƙarya ta fi arha, sannan ya ce yaron ya koya masa. Ban san inda tela da bakanike da ɗaliba da alhaji za su ɗauki nauyin juna awa biyar ba tare da sun iya ce wa juna komai ba, sai a nan. Kyaftin ya kawo shawarar a yi karo-karo a sayi sababbin kaya, aka amince. Baba ya roƙi a bar murfin a cikin jakar, shi ma aka amince, na rubuta.

Ana kiran La'asar muka fito. Mai gadi yana murɗa makulli ya ce, "Malam, wa ya ci?" Na ce ba kowa, huɗu da huɗu aka tashi. Ya ce, "Awa biyar?" Na ce eh. Ya yi shiru, ya dubi Baba da yaron suna tafiya gefe da gefe, yaron yana zana wani abu da yatsa a iska. Ya ce, "To yaushe za ku ƙarasa?" Na ce wata mai kamawa, a can gefensu. Ya tambaya ko akwai wuri a motar. Na ce akwai, amma sai ya bar wayarsa a kwano.